Tambayoyinku da Amsoshinsu: Laburaren da Mutum Ɗaya Yake Riƙe da Shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mai rubuta manhaja a nan Damagaram. Bara na rubuta wa wata farmasi manhajar lissafin magunguna da fitar da rasit, da harshen PHP. Ɓangaren da ke aika rasit zuwa ƙaramar na'urar bugawa ba ni na rubuta shi ba, wani laburare ne na ɗauko kyauta a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu, ta hanyar Composer, manhajar da ke saukar wa masu aiki da PHP laburare, kuma yana aiki lafiya lau, har haruffan Faransanci masu alama yana fitar da su daidai. Kwanan nan na duba sai na ga ashe mutum ɗaya ne yake kula da shi, ya fi shekara bai taɓa shi ba, kuma tambayoyin mutane sun taru babu amsa. Ga shi wasu farmasi biyu suna son in saka musu manhajar. Shin in ci gaba da shi, ko in nemi wani, ko kuwa in zauna in rubuta nawa?

Daga wani mai karatu, unguwar Sabon Gari, Zinder.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka cire shi yau, kada kuma ka ce za ka rubuta naka daga tushe, amma daga yanzu ka sa a ranka cewa nauyin wannan laburaren yana wuyanka. Mai farmasin da ya biya ka bai san wani mutum a GitHub ba, kai ya sani, kuma lambarka zai kira ranar da na'ura ta ƙi fitar da rasit alhali mutane sun yi layi riƙe da takardun magani.

Saboda masu karatun da ba wannan ce sana'arsu ba, laburare a nan wani guntun manhaja ne da wani ya riga ya rubuta domin aiki guda, kamar buga rasit ko matse fayil, ya ajiye shi a fili domin duk mai bukata ya ɗauka ya haɗa da nasa. Kusan babu manhajar zamani da ba ta tsaye a kan irin waɗannan guntaye, wani lokaci gommai, wani lokaci ɗaruruwa, kuma kowane guntu yana iya jingina da wasu da mai manhajar bai taɓa jin sunansu ba. Idan ka buɗe takardar lasisin da ke tare da laburarenka, ko MIT ce ko wata makamanciyarta, za ka tarar an rubuta da manyan baƙaƙe cewa an ba ka shi yadda yake, babu lamuni ko kaɗan. Abin ya yi kama da rijiyar da mutum ɗaya ya haƙa a unguwa saboda Allah: kowa yana zuwa da gugarsa, shi kaɗai yake yashe ta, kuma ranar da ya gaji ko ya yi tafiya babu wanda yake da bakin kai ƙararsa wajen mai unguwa. Mutanen Damagaram ba sa bukatar dogon bayani kan abin da ke faruwa idan ruwa ya yanke.

Abin da ya fi zuwa wa mutane a rai shi ne laburaren ya ɓace, kuma hakan ya taɓa faruwa. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya samu saɓani da masu kula da npm, rumbun da masu aiki da JavaScript suke ɗaukar laburare, kan sunan wani aikinsa da kamfanin Kik ya nemi a ba shi. Da aka ba kamfanin sunan, sai ya janye ayyukansa fiye da 250 daga rumbun. A cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, wanda ba ya yin komai sai cike gurbi a hagun rubutu, amma manyan ayyuka irin su Babel suna jingine da shi ta wasu hannaye, don haka cikin ɗan lokaci aikin haɗa manhaja ya tsaya wa dubban mutane a duniya. A ranar npm ta mayar da shi, daga baya kuma ta tsaurara ƙa'idar janye abin da wasu suka dogara da shi. Kai da kake aiki da PHP sai ka lura da wani abu: Packagist, inda Composer yake neman laburare, yana riƙe da suna da bayanin inda abu yake ne, shi kuwa rubutun manhajar galibi daga GitHub ake saukar da shi. Idan mai shi ya goge ma'ajiyarsa, ranar da ka je saka wa sabuwar farmasi manhaja za ka iya tarar da suna babu kaya.

Wani lokacin kuma mai laburaren ne da kansa yake ɓata shi. A watan Janairu na 2022 mai kula da wasu laburare biyu, colors da faker, waɗanda ake saukarwa sau miliyoyi a kowane mako, ya fitar da sababbin sigogi da gangan: na farko ya riƙa zuba baƙaƙe marasa ma'ana a allo ba tsayawa, na biyu kuwa aka wayi gari babu komai a cikinsa. Tun kafin nan ya bayyana ɓacin ransa kan yadda manyan kamfanoni suke cin moriyar aikinsa ba tare da biya ba. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda suka bar manhajarsu tana karɓar duk sabuwar sigar da ta fito, waɗanda kuwa suka kafe a kan sigar 1.4.0 ta colors ko a jikinsu.

Amma hatsarin da ya fi damuna, wanda kuma ya fi dacewa da abin da ka gani na tambayoyin da suka taru babu amsa, shi ne gajiyayyen mai kula ya miƙa makulli ga wanda bai sani ba. A 2018 mai laburaren event-stream, wanda ake saukarwa kusan sau miliyan biyu a mako, ya daɗe da daina amfani da shi, sai wani baƙo ya ce zai karɓi kulawar, shi kuma ya ba shi da zuciya ɗaya. Baƙon ya cusa wani ɓoyayyen guntu da aka tsara domin satar kuɗin Bitcoin daga masu amfani da manhajar Copay, ba a gano ba sai a watan Nuwamba. Wanda ya fi wannan tayar da hankali shi ne na xz, laburaren matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux. Lasse Collin ne yake riƙe da shi shekara da shekaru, ba albashi, a lokacin da ya samu sarari. Daga 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare masu kyau, cikin ladabi da haƙuri. A 2022 sai wasu sunaye suka riƙa matsa wa Collin lamba da saƙonni, suna cewa aiki ya tsaya, ya kamata ya ba wani dama, shi kuma ya amsa cewa rashin lafiya ta rage masa ƙarfi, kuma aikin nan ba biyansa ake yi ba. Sannu a hankali Jia Tan ya samu ikon fitar da sigogi da kansa, kuma a sigar 5.6.0 da 5.6.1, a farkon 2024, ya dasa ɓarauniyar hanyar da za ta ba mai riƙe da wani makulli damar shiga kwamfutoci ta SSH, hanyar da ake sarrafa kwamfuta daga nesa. Abin da ya tona asirin shi ne wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga ta SSH tana ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi kawar da kai, ya bi diddigi har ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris 2024, kafin sigogin su shiga manyan nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu da Red Hat da jama'a suke aiki da su. Ka dubi yadda mai wannan aiki ya shafe fiye da shekara biyu yana gina amana. Bai fasa wata kalmar sirri ba, gajiyar mutum ɗaya da kaɗaicinsa ya yi amfani da su. Shi ya sa nake ganin laburaren da ya yi shiru shekara guda bai kai wanda ya farka kwatsam a hannun baƙon suna hatsari ba.

Kada wannan ya sa ka ɗauka cewa yawan mutane shi ne lafiya, ko kuwa ƙarancinsu shi ne ciwo. Laburaren OpenSSL yana tsare da sirrin babban kaso na shafukan intanet lokacin da aka gano ɓarakar Heartbleed a watan Afrilu na 2014, kuma a lokacin ne duniya ta ji cewa mutum ɗaya ne kawai yake aikin cikakken lokaci a kansa, gudummawar da ake ba su kuma ba ta wuce kimanin dalar Amurka 2,000 a shekara ba, duk da cewa kamfanoni masu biliyoyi suna amfani da shi. A ɗaya gefen kuma ga SQLite, laburaren ajiye bayanai wanda Richard Hipp ya fara a 2000, yana cikin kowace wayar Android da iPhone, mutane ƙalilan ne suke rubuta shi, amma rubutun gwajinsa ya ninka laburaren kansa sau ɗaruruwa, kuma sun bayyana niyyar kula da shi har 2050. Haka Vim, manhajar gyara rubutu: Bram Moolenaar ya jagorance shi tun 1991 har rasuwarsa a watan Agusta na 2023, amma da yake akwai waɗanda suka daɗe suna aiki tare da shi kuma suna da ikon shiga ma'ajiyar, sigar 9.1 ta fito a Janairu na 2024. Abin dubawa ke nan: idan wannan mutum ya ajiye aikin gobe, akwai wanda aka sani da zai iya ɗauka, kuma akwai gwaje-gwajen da za su nuna masa ko ya ɓata wani abu?

Yanzu mu dawo kan naka. Ƙananan na'urorin buga rasit galibi suna jin umarnin da ake kira ESC/POS, wanda kamfanin Epson ya tsara tun da daɗewa, kuma ba abu ne mai yawan canzawa ba. Saboda haka shirun shekara guda yana iya zama alamar cewa aikin ya kammala, ba wai an yi watsi da shi ba. Ka karanta tambayoyin da suka taru ɗaya bayan ɗaya. Idan yawancinsu na masu neman ƙarin abubuwa ne, ko masu tambayar yadda ake haɗa waya, wannan ba abin damuwa ba ne. Idan kuwa ka ga ana cewa ya daina aiki a sabuwar sigar PHP, an ma aiko da gyara amma watanni sun wuce ba a karɓa ba, to agogonka ya fara tafiya, domin PHP yana fitar da sabuwar siga a ƙarshen kowace shekara yana kuma daina kula da tsofaffi. Sigar 7.4 ta daina samun gyaran tsaro tun Nuwamba na 2022, kuma tsallakawa zuwa 8 ta karya tsofaffin laburare da yawa. A ganina ta nan matsalarka za ta fi zuwa: wata rana za ka so ka sabunta PHP saboda tsaro, sai laburaren rasit ya riƙe maka ƙafa. Ka duba kuma ko Packagist ya sa masa alamar cewa an yi watsi da shi, ko mai shi ya nuna wani madadi, sannan ka ga laburare nawa shi kansa yake janyowa, domin kowane ɗaya a cikinsu wani mutum ne da ka dogara da shi ba ka sani ba.

Aikin da zan so ka fara da shi a wannan makon ba ya cin kuɗi. Buɗe fayil ɗin composer.json, za ka ga sunan laburaren, a gabansa akwai lamba mai ɗauke da alamar ^, misali ^2.1. Wannan ƴar alamar tana nufin ka yarda a ba ka duk sigar da ta fito daga 2.1 har zuwa ƙasa da 3.0, ko wane ne ya fitar da ita. Abin da ke kare ka shi ne fayil na biyu, composer.lock, wanda yake rubuta ainihin sigar da ka gwada. Ka ajiye shi tare da rubutun manhajarka, kuma a kwamfutar farmasi kada ka taɓa ba da umarnin composer update, sai dai composer install, wanda yake bin abin da ke cikin wannan fayil. Sabuntawa a kwamfutarka ake yin ta, da na'urar bugawa a gefe, bayan ka karanta abin da ya canza da wanda ya canza shi, kuma babu laifi ka bar sabuwar siga ta yi mako biyu ko uku a duniya kafin ka taɓa ta, in dai ba gyaran wata ɓaraka ce mai hatsari ba. Umarnin composer audit zai gaya maka ko akwai sanannen rauni a cikin abin da ka saka. Bayan haka ka cire reshen laburaren, wato ka yi kwafinsa, zuwa asusunka na GitHub, lasisin ya ba ka dama in dai ka bar sunan mai shi da takardar lasisin, ka kuma ajiye kwafin jakar vendor, inda Composer yake zuba laburaren da ya saukar, gaba ɗaya a faifan ajiya na waje. Wannan yana da wani amfani a wajenmu, domin wanda ya je Tanut ko Gure ko Magarya saka manhaja ya san ba kullum intanet take ba da haɗin kai ba.

Sai babban aikin, wanda zai ɗauke ka kwanaki amma shi ne zai ba ka kwanciyar hankali. Ka bi rubutun manhajarka ka ga wurare nawa kake kiran laburaren kai tsaye. Idan a shafin sayarwa ka kira shi, a shafin mayar da kaya ka kira shi, a lissafin ƙarshen yini ma ka kira shi, to ka tattara su duka cikin fayil ɗaya naka, mai aiki guda da za ka iya sa wa suna bugaRasit, sauran manhajar kuma kada ta san da wani laburare sai wannan fayil. Ranar da ya zama dole ka canza, wuri ɗaya za ka gyara. Ka kuma tanadi hanya ta biyu, ko da fitar da rasit a matsayin PDF ne a buga da firinta ta ofis, domin kada ciniki ya tsaya. A cikin wannan aikin za ka karanta ɓangaren laburaren da kake amfani da shi, kuma ina kyautata zaton za ka tarar bai kai yadda kake tsoro ba. Dalilin da ya sa na hana ka rubuta naka daga tushe shi ne, wancan mutumin da masu amfani da aikinsa sun riga sun ci karo da na'urori iri-iri da matsalolin haruffa da kai ba ka gani ba tukuna, kuma idan ka rubuta naka, laburaren mutum ɗaya ka sake samarwa, wanda babu mai duba shi sai kai.

Ina roƙonka kuma kada ka shiga sahun masu aika wa mutumin nan saƙon gori. Ka rubuta masa cikin ladabi, ka gaya masa cewa aikinsa yana buga rasit a wata farmasi a Nijar, ka tambaye shi ko yana da niyyar ci gaba. Idan kana iya amsa tambayoyi biyu ko uku daga cikin waɗanda suka taru, ko ka gwada wani gyara a na'urarka ka ba da rahoto, ko ka fassara bayanin zuwa Faransanci, ka yi, domin wannan yana rage masa nauyi ko da ba ka da hanyar aika masa kuɗi. Su kuma sababbin farmasin, ka sa kuɗin kulawa na shekara a cikin yarjejeniyarku tun farko, ka bayyana musu cewa manhaja tana bukatar dubawa ko da ba ta lalace ba.

TAMBAYA: Malam, ina da makaranta mai zaman kanta. Wani yaro mai hankali ne ya rubuta mana manhajar kuɗin makaranta da sakamakon ɗalibai, shi kaɗai ya san kanta. Yanzu ya samu aiki a Yamai. Me ya kamata in karɓa a hannunsa kafin ya tafi?

Daga wata Hajiya, Zinder.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara wa makaranta albarka, shi kuma ya ba shi sa'a a inda za shi. Abin da kika fi bukata shi ne bayanan ɗalibanki, domin manhaja ana iya sake rubuta ta, amma tarihin biyan kuɗi da sakamakon shekaru ba a sake su. Ki sa ya fitar miki da su gaba ɗaya ta hanya biyu, kwafin rumbun bayanan kansa da kuma fayilolin da Excel zai iya buɗewa, ya kuma koya wa wani ma'aikacinki yadda ake yin wannan a kowane mako, a riƙa ajiye kwafi ɗaya a wajen ginin makaranta. Bayan haka sai ainihin rubutun manhajar, ba wadda aka saka a kwamfuta kawai ba, tare da takarda mai sa hannunku ku biyu da ta ba makaranta izinin amfani da shi da kuma ba wani ya gyara. Idan ba ku yi wannan magana ba lokacin da ya fara aikin, ki yi ta yanzu cikin mutunci, kuma idan ya nemi ƙarin wani abu a kai, haƙƙinsa ne a duba.

Ki tambaye shi kuma da sunan wa aka buɗe kowane asusu. Sau da yawa adireshin shafin makaranta, da wurin da aka ajiye shi a intanet, da imel ɗin da ake dawo da kalmar sirri ta cikinsa, duk suna kan sunan yaron da layin wayarsa, ba don mugun nufi ba sai don haka ya fi sauƙi a ranar. A mayar da su kan imel da layin makaranta, a rubuta ranar da kuɗin kowanne yake ƙarewa, kalmomin sirrin kuma su kasance a hannunki.

Gwajin da zai nuna miki ko abin da kika karɓa ya cika shi ne ki samo wani mai rubuta manhaja na biyu, ko daga cikin waɗanda suka gama Jami'ar André Salifou, ki ba shi kwamfutar da babu komai a kanta, ya tayar da manhajar daga abin da aka ba ki da bayanin da aka rubuta, shi kuma yaron yana zaune a gefe ba ya sa hannu. Duk inda na biyun ya tsaya, to nan ne bayanin ya gaza, sai a cike a rubuce. Ki biya su duka biyun ladan wannan yini, ki kuma yi ƙoƙari a gama kafin komawa makaranta a watan Oktoba, lokacin da iyaye za su cika ofis da biyan kuɗin rajista.